Kyanwar da Kawu Ya Ara

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, kuma makon jiya Kawu ya riga mu kama hanya. Yayan mahaifiyata ne, tsohon dillali a Tike, kasuwar shanun Mubi. Ya cika da hantsi a kan tabarmarsa, bayan ya shanye kofin kunu ya kuma yi ƙorafin cewa an tsinka shi da yawa.

Na je zaman makoki da dama a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda rabin masu zaman suke da wutsiya ba sai na Kawu. Ni na ƙirga kyanwa arba'in. Dada, matarsa, ta ce goma sha bakwai ne, in daina ƙari a ranar mutuwa. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wani muzuru ya haye cinyarsa ya gyara kwanciya, haka aka shafa fatiha da shi. Wata gwaggonmu daga Mugulbu ta shigo da kuka tun daga zaure, ta taka wutsiyar wata farar mage, su biyun suka ƙarasa kukan tare, kuma duk wanda ke wurin ya shaida magen ta fi ta murya.

Dillalan Tike sun zo ayari guda. Kowanne zai riƙe hannuna ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Sai ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya ya tambaye ni ko marigayin ya mayar da kyanwar nan kafin ya tafi. Matan coci da suka kawo tukwanen shinkafa su ma tambayar da suka yi ke nan a ɗakin Dada. Na amsa har muryata ta dushe. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a kuma san wane ne Kawu, don kada a riƙa tuna shi da rabin labari.

Kawu ya san saniya fiye da yadda saniya ta san kanta. Zai dubi maraƙi sau ɗaya ya faɗa maka ubansa, da kakansa, da rugar da aka haifi kakan. Ni da kunnena na ji ya gaya wa wani Bafulatani cewa bijiminsa yana kewar gida. Aƙidarsa a kan launi guda ce, kuma bai taɓa sassauta ta ba: launi na uba ne. A wurinsa mace buhu ce kawai, abin da aka zuba shi za a juye. In kana son jan garke, nemi jan bijimi, ka je ka yi barcinka.

Wani bijimi ne ya sallame shi daga aiki, da shuri guda a gwiwa. Ya dawo gida ya zauna, hannu babu abin yi, ido kuma bai daina auna dabba ba. A lokacin ɓeraye sun addabi dawar da ake kawo masa daga gonarsa ta Bahuli, sai ya samo kyanwa biyu. Kafin shekara ta zagayo ya manta da ɓera gaba ɗaya. Ya koma duba haƙori, da taɓa ƙirji, da ɗaga wutsiya. Yana da wani jan muzuru mai kai kamar ƙwaryar fura, ya sa masa suna Gudali, sunan wani irin shanu, kuma yana yi masa kirari kowace safiya. Dada takan ce shekara arba'in da aure bai taɓa yi mata kwatankwacin wannan kirari ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Kawu da na Baba Ticha. Baba Ticha mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, ya koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya. Sun fi shekara talatin suna maƙwabtaka. Da Sallah cinyar rago ke tsallaka katangar, da Kirsimeti kuma shinkafa da kaji. Kullum da la'asar suna zaune a gindin dogon yaron da ke tsakanin ƙofofinsu suna gyara wa gwamnati kuskurenta.

To, Baba Ticha yana da wata kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, kamar an yanko ta daga bandirin atamfa. Atamfa ma ake kiranta. Ranar da Kawu ya ƙare mata kallo, dabara ta faɗo masa. Ya ce in ya samu namiji mai irin wannan riga, shi ke nan ya samu bijimi, cikin shekara biyar duk kyanwar da ke Mubi za ta zama atamfa, har daga Kamaru za a riƙa zuwa kallo.

Bai ce a sayar masa ba, bai ce a ba shi kyauta ba. Ya je ta hanyar da ya sani. Makiyaya suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye: ka ba abokinka aron saniya, ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar maka da uwar da godiya. Babban zumunci ne, kuma wanda ya riƙe uwar bayan haihuwa ta uku ya zubar da mutuncinsa har jikoki. Haka Kawu ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya ja ni da wani abokinsa dillali a matsayin shaidu, muka je neman aron kyanwa. Baba Ticha ya yi dariya har tabaransa ya faɗi, ya ce ya bayar. Kawu bai yi dariya ba.

Haihuwar farko, uban Gudali ne, kuma Kawu da kansa ya tsaya a kan lamarin. Aka samu biyar. A cikin mata biyu, ɗaya ta ɗauko rigar uwar tsaf. Mazan kuwa, ɗaya ja, biyu baƙaƙe wuluk kamar gindin tukunya. Kawu ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Gudali, ya dubi Atamfa, ya ce an ci amanar gidansa. Zarginsa ya sauka a kan wani baƙin muzuru da ke kwana a injin niƙa. Ya sa aka ƙera wa Atamfa keji na waya da kwaɗo biyu. Ni dai na san gidan yari bai kai shi tsaro ba. Haihuwa ta biyu, Gudali kaɗai ya shiga kejin nan, Kawu na riƙe da makulli, sai ga baƙin namiji kuma. Sai ya ce to, bari ya bi ta baya. Ya kamo na injin niƙan da kansa ya saka shi. Baƙin uba ya haifi jan ɗa. Ranar Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon ta kamar ita ce za ta yi masa bayani.

Abin da bai lissafa ba shi ne saniya sai ta kwashe shekaru kafin ta haihu sau uku, ita kuwa kyanwa shekara ɗaya da 'yan watanni ta gama. Wata la'asar Baba Ticha ya tuna masa cewa wa'adi ya cika. Kawu ya roƙi ƙari, ya ce saura kaɗan namijin ya fito. A nan ne Baba Ticha ya yi kuskuren da malamai ke yi, ya ga ɗalibi ya kasa haƙuri. Ya aika aka karɓo masa kwanonin Dada guda uku, ya jera su a ƙasa.

Ya ce a jikin kyanwa, ja da baƙi a kwano suke zuwa. Mace kwano biyu gare ta, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya zo da ja ɗaya da baƙi, sai ta sa duka biyun. Fari kuwa hanyarsa daban, yana iya sauka a kan kowa. Namiji kwanonsa ɗaya ne tak, kuma daga uwarsa yake karɓa, saboda haka ko ya zama ja ko ya zama baƙi, ba ya haɗawa. Ya ce Gudali bai yi laifi ba, Atamfa ma ba ta yi ba. Sannan ya ƙara da maganar da ta ɓata komai, ya ce uba ba shi da abin da yake ba ɗa namiji, duk abin da yake da shi 'ya'ya mata ne ke kwashewa.

Kawu 'ya'yansa shida ne, duka mata.

Na ga fuskarsa ta canza tun kafin Baba Ticha ya rufe baki. Ya ce a hankali, "Ticha, a ƙofar gidana, da kwanonin matata, kake gaya mini wannan?"

Baba Ticha ya rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi a coci da masallaci cewa maganar kyanwa yake yi. Kawu ya tattara kwanonin ya miƙa mini. Ya yanke hukunci cewa haihuwar kyanwa ba ta kai a ƙirga ta da ta saniya ba, don haka ƙirga ba za ta fara ba sai ranar da namiji mai launi uku ya fito, kuma a ranar zai kawo uwar da ɗan tare, Ticha ya dafa kwanoninsa ya ci. Daga wannan la'asar bai sake yi masa magana baki da baki ba har shekara goma sha biyu.

Kada ku ɗauka sun daina zama tare. Babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa inuwa. Kullum suna nan a gindin dogon yaro, benci ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. In na dawo daga aikin keke napep na tsaya gaishe su, sai in zama waya. Kawu zai ce in gaya wa maƙwabcinsa hadari ya haɗu, ya sa a kwashe shanyarsa. Baba Ticha zai ce in gaya wa Alhaji ya gode. Ran da ba na nan, an ce da bishiyar suke magana. Naman Sallah bai fasa tsallakawa ba, shinkafar Kirsimeti ma haka, domin Dada da matar Ticha sun ce su babu ruwansu da haukan tsofaffi.

Amma abin yana cin Kawu, wannan na sani. Mutum ne da baƙi daga Chadi ke bar wa garke guda su tafi, ba takarda ba shaida, su dawo su tarar ko igiya ba ta ɓata ba. Yanzu ga shi a Tike ana nuna bencinsa ana cewa ga inda mai riƙe kyanwar malami yake zama. Ya rage zuwa kasuwar. Ya san in ya mayar da ita sunansa ya wanku, ya kuma san in ya mayar da ita ya yarda da kwanoni. Babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya, ta taɓa buɗe waya ta nuna masa cewa maganar Baba Ticha haka take. Ya ce ai ita wayar ma irin su Ticha ne suka koya mata karatu.

A cikin wannan neman ne ya yi wani alheri da ba na so a manta. A unguwarmu ana tsoron baƙar kyanwa. In mage ta haifi baƙi, sai a ɗaure shi a buhu a nufi mayo, wato rafi, da shi. Kawu ya sa aka yi shela a masallaci cewa duk mai baƙin ɗan kyanwa ya kawo masa. Ya ce shi ya ga yadda ake yin su, a kejinsa, da makulli a aljihunsa, kuma babu aljanin da ya shiga. Wasu ya riƙe, wasu ya rarraba wa masu rumbu a ƙauye, har da sharaɗin zai zo dubawa, kuma yana zuwa. Baba Ticha ya ce in gaya wa Alhaji cewa abin da mutane suka daɗe suna yi ke nan tun zamanin da: asalin kyanwa ta daji ce, mai zane-zane ruwan toka, mutane ne suka riƙa ajiye launin da ya burge su suna korar wanda bai yi musu ba, har aka samu wannan tarkacen launuka. Kawu ya ce in gaya masa ba a tambaye shi ba. Can kuma ya ce in tambaye shi, ba don komai ba, shi farin daga ina ya fito.

Shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga Mubi, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Wasu kuɗi, wasu takardu, wani maƙwabcinmu talabijin ya ɗora a ka. Kawu ya bar rediyonsa, ya bar manyan rigunansa, ya bar Gudali da kirarinsa, ya cusa Atamfa a kwandon kaji ya ɗora a ka, da gurguwar gwiwar nan, muka bi duwatsu har cikin Kamaru. Ta yi kuka tun daga Mubi har iyaka, in da wani na bin sawunmu ko makaho ne ya same mu. Dada ta roƙe shi ya sake ta. Ya ce nasa yana iya bari, na aro ba ya baruwa.

Da muka dawo bayan watanni, gidan na nan, amma aikin Kawu ya watse. Fararen babu ko ɗaya, Gudali babu, masu haske duk sun tafi. Waɗanda suka rage a kan katanga masu zane-zane ne ruwan toka, su da 'ya'yansu, suna kallonmu kamar mu ne baƙi. Baba Ticha, wanda ya dawo daga Yola kwana biyu kafin mu, ya ce in gaya wa Alhaji cewa in babu mai ba da abinci, fari tun daga nesa kare da shaho ke hango shi, mai zane kuwa in ya kwanta a ciyawa ya ɓace. Kawu bai ce in mayar da amsa ba. A wurinsa wannan kusan sallamawa ce.

Da Baba Ticha ya ji labarin kwandon kaji, sai da ya share hawaye. Ya ce in gaya wa Alhaji ya bar masa Atamfa kyauta, duniya da lahira. Na ɗauka an gama. Ashe wuta na ƙara wa fetur. Kawu ya ce wato so ake a rubuta cewa ya kasa mayarwa har sai da aka yafe masa. Ya ce aro ya karɓa a gaban shaidu, aro zai mayar.

Haka aka yi ta tafiya. Atamfa ta haifi abin da ya isa ya cika ƙaramar hukuma, ta tsufa, haƙora suka zube, ta daina haihuwa. Kawu ya ci gaba da 'ya'yanta da jikokinta. Duk ɗan da ya fito da launi uku, zai ɗaga wutsiyarsa da bismillah, ya sauke da salati.

Kwana biyar kafin rasuwarsa, da safe, ya aika in zo da keke. Na tarar da shi cikin babbar riga, ya rame har rigar ta fi shi nauyi, ga goro a faranti, ga Atamfa da igiya a wuya tana barci. Ɗayan mai shaidar, dillalin nan abokinsa, ya daɗe da rasuwa, don haka an kira liman ya tsaya a madadinsa. Na ce Kawu, taku goma sha biyar ne fa zuwa ƙofar. Ya ce ba a mayar da dabbar aro a ɓoye kamar kayan sata, sai gari ya gani. Muka zaga unguwa gaba ɗaya, muka bi ta bakin kasuwa, shi a baya ya miƙe wuya, liman na riƙe da goro, kyanwa na munshari.

Baba Ticha na tsaye a ƙofarsa. Muka sauko da Kawu. Ya buɗe baki ya waiwayo gare ni kamar yadda ya saba, sai kuma ya juya ya dubi mutumin a ido.

"Ticha, ga dabbarka. Na riƙe ta fiye da ƙa'ida, ka yafe mini. Ban ce kana da gaskiya ba. Lokaci ne bai isa ba."

Baba Ticha ya karɓi igiyar da hannu biyu. Ya ce ya karɓa, ya yafe, liman ya shaida. Aka raba goro. Da an tsaya nan da an tashi lafiya. Amma malami malami ne.

"Alhaji, ni ma akwai abin da na ɓoye maka. Ana samun namijin. Can ba a rasa ba, a cikin dubbai, sai a haifi wani da kwano biyu bisa kuskure. Amma ba ya haihuwa. Na ƙi faɗa maka ne don na san ba za ka taɓa hutawa ba."

Kawu bai ji rabin ƙarshen ba, ko kuma ya ji ya ajiye shi gefe. Mutumin da muka ɗauko kamar tsumma sai ga shi ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce liman ya shaida, ni ma in shaida, in kuma je Tike in faɗa, ana samu, Ticha da bakinsa ya ce ana samu. Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin gudu. Sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni ita."

"Yanzu fa ka kawo ta, Alhaji."

"Wancan aron ya ƙare. Sabo nake nema. Ga shaidu, ga sauran goro."

Baba Ticha ya dubi tsohuwar kyanwar da ko tsallake kwano ba ta iyawa, ya dubi Kawu, ya miƙa masa igiyar. Ya ce haihuwa uku, kada a ƙara ko ɗaya. Kawu ya ce shi ba a taɓa saninsa da wuce ƙa'ida ba. Suka zauna a bencin nan har azahar suna magana, ba ni ba bishiya, kuma rabin maganar gardama ce.

To ga amsarku, jama'ar Tike da matan coci. Ya mayar. Ya rasu da aro a hannunsa, amma sabo ne, kwanansa biyar, babu wanda zai ce ya makara.

Bayan addu'ar uku, Dada ta kira ni ɗakin da take takaba. Ta ce ta gaji, shekarunta sun wuce dama wa kyanwa kunu, in ɗauki tsohuwar nan in kai wa mai ita, sauran kuma ta san yadda za ta yi da su. Na ɗauka, na yi taku goma sha biyar ɗin. Na sami Baba Ticha shi kaɗai a benci, ya matsa gefe guda duk da babu kowa. Na gaya masa saƙon. Bai miƙo hannu ba. Ya tambaye ni sau nawa ta haihu tun ranar da aka ba da ita. Na ce Baba, ko sau ɗaya, kuma kai ma ka san ba za ta ƙara ba.

"To wa'adi bai cika ba," in ji shi. "Mayar da ita gidan Alhaji. Ka gaya wa Dada zan riƙa leƙowa ina duba lafiyar dabbata."

Na mayar da ita. Dada ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta jawo ƙaramin kwano ta zuba kunu, ta tsinka shi da ruwa.

Allah ya yafe wa Kawu kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya ba Dada da 'ya'yansa shida da maƙwabcinsa haƙurin rashinsa.